Gambar Kan Iyaka

"Ni dai na gama magana, Nazifa. Yau bayan la'asar iyayen Munir za su zo daga Magarya, kuma ba zan mayar da dattawa gida da kunya ba."

Baffa Maharazu ne ya faɗi haka yana tsaye a tsakar gida, hannuwansa goye a baya. Nazifa na durƙushe gabansa. Shigowarta ke nan daga lakwal inda take koyarwa, ko farin allin da ke yatsunta ba ta wanke ba.

"Baffa, don Allah ka duba," ta ce. "In na tafi, wa zan bar wa Baba?"

"Gwaggonki Hinda na nan. Munir kuma ya yi alkawarin kai shi babban asibitin Damagaram. Yaro mai hankali, mai sana'arsa ta riɗi, bai taɓa zuwa gidan nan hannu rabbana ba. Me kike nema kuma? Shekararki ashirin da shida fa."

"Majo, likitan asibitinmu, ya faɗa mana gigin tsufa ba ya jin allura, Baffa. Lallashi yake so."

"Lallashi!" Baffa ya yi tsaki. "Ki faɗi gaskiya dai. Ɗan gidan Mati ne a ranki har yau."

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗigo a kan zanenta.

Duk Bande babu wanda bai san zancen ba. Mahaifinta Malam Ɗan Azumi da Mati, mahaifin Zakariya, tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, gonakinsu ma layin gamba ɗaya ne ya raba su. Shekara goma sha tara da suka wuce 'yan'uwan Mati suka kai ƙara wurin mai gari cewa gambar ta matsa cikin gonarsu. Baffa Maharazu ya tsaya ya ba da shaida, aka ba Malam Ɗan Azumi gaskiya. A ranar mahaifin nata ya rantse jininsa ba zai taɓa haɗuwa da jinin Mati ba. Har Mati ya koma ga Mahaliccinsa shekara uku da suka wuce, ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Sau biyu Zakariya na turo manya, sau biyu Baffa na mayar da su daga zaure.

"Yayana ya rantse yana cikin hankalinsa," in ji Baffa. "Don hankalin ya gushe ba zan karya masa magana ba."

Nazifa ta ɗago jajayen idanunta. "Baffa, in dai maganarsa kake kiyayewa, ka kiyaye zuciyarsa ma. Da safen nan ya tambayi Inna, ka ce masa ta rasu. Ka ga yadda ya yi kuka. Kullum sai ya tambaya, kullum sai ka faɗa masa, kullum sai ya yi sabon zaman makoki shi kaɗai."

"To ƙarya kike so in yi masa? Yalwa ta rasu shekara shida, dole ya sani."

Ba ta kai ga ba shi amsa ba suka ji salatin Gwaggo Hinda daga ɗakin tsohon.

"La'ilaha illallahu! Maharazu, Yaya ba ya nan! Sandarsa ma babu!"

Nazifa ba ta san sa'ad da ta fizgi hijabinta ta yi waje ba. Ta leƙa masallaci, babu shi. Ta bi ta bakin rijiya, ta tambayi matan da ke sussuka, kowa ya ce bai gan shi ba. Kaka ce, gari duk ya watse gonaki, amalanken jakuna sai wucewa suke da damman gero. Tana gudu tana kiran sunan Allah, tana tuna ramukan da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari, waɗanda har yanzu ruwan damina bai gama ƙafewa a cikinsu ba.

Tana karyo kwanar hanyar tasha ta hango su.

Ta tsaya cak.

Babanta ne ke tafe a hankali, sanye da tsohuwar rigarsa ta salla, an sa ta a baibai. Kusa da shi Zakariya ne, cikin kayan aikinsa na gyaran moto, wato babur, duk baƙin mai, yana riƙe da wani ɗan ƙunshi na tsohon. Bai ja shi ba, bai tura shi ba. In tsohon ya ɗaga ƙafa ya ɗaga, in ya tsaya ya tsaya.

Kuma Baba dariya yake yi.

Rabon Nazifa da ta ji wannan dariya har ta manta. Ta raɓe jikin wani danni, ta bar su suka wuce, sannan ta bi bayansu a hankali.

"Mati," tsohon ke cewa, "motar Dogo-Dogo ta ƙi zuwa. Yalwa na can gidansu tana jirana. Za ta ce na manta da ita."

Nazifa ta dafe ƙirji. Wato Baba ya ɗauki Zakariya a kan mahaifinsa ne. Ta jira ta ji ya gyara masa, ko ya faɗi kalmar nan da ke kayar da shi ƙasa kullum.

Zakariya ya ɗan rage tsawo har fuskarsa ta zo daidai da ta tsohon.

"Kana kewarta ƙwarai, Baba."

"Ƙwarai kuwa."

"To ba ni labari. A ina ka fara ganinta?"

Tsohon ya tsaya, ya dogara sandarsa, idanunsa suka yi haske kamar an kunna fitila a cikinsu.

"Kai ma ka sani kana tambaya! Ranar kasuwar Dogo-Dogo mana. Tana sayar da fura a ƙarƙashin gawo. Ni kuwa ka san nono ba ya zama mini a ciki. Amma na zauna na sha ƙwarya guda. Na ga in na tashi wani zai zauna a wurin, na ce a ƙaro. Na sha ta biyu. Na sha ta uku."

"Uku, Baba?"

"Uku! Ita kuwa tana damawa tana rufe baki da gefen mayafi. A ta ukun ta ce, 'Malam, in magana ce da kai ka faɗa, kada ka kashe kanka a banza.'"

Suka tuntsire da dariya su biyu.

Nazifa ta toshe bakinta da hijabi. Shekara ashirin da shida tana gidan mutumin nan, ba ta taɓa jin wannan labari ba. Ashe duk yana nan a ajiye, ba abin da ya taɓa shi. Su ne dai kullum suke buga ƙofar da ta riga ta toshe, ga wata a buɗe ba su gani ba.

Da suka iso wata inuwa tsohon ya ce zai huta. Zakariya ya share masa wuri a kan wani kututture, ya zaunar da shi, ya kwance ƙunshin ya miƙa masa. 'Yan silin kaba ne a ciki da tsohon madubin Inna. Nan take yatsun tsohon suka kama kabar suka shiga tufka igiya, tsaf, babu kuskure, shi da ba ya iya tuna ko ya ci abinci.

A lokacin ne Zakariya ya juyo ya gan ta. Ya matso, ya tsaya ɗan nesa kaɗan, ya yi ƙasa da murya.

"Ki kwantar da hankalinki. A tasha na gan shi yana tare motoci. Lafiyarsa ƙalau."

"Yana kiranka Mati, ba ka ce komai ba."

"Kakata Yakura shekara huɗu tana kirana da sunan ƙanenta da ya rasu tun ba a haife ni ba. Da fari ina gyara mata, sai ta firgita, ta ga kamar baƙo ne ya shigo mata ɗaki. Daga baya na gane. Ita ba za ta iya fitowa inda nake ba, Nazifa. Ni ne mai ƙafar da zan iya zuwa inda take."

"Amma ba ƙarya ba ce?"

"Ban ce masa ni ne Mati ba, ban ce masa Inna na raye ba. Ya ce yana nemanta, na ji kewa ce ke magana, sai na amsa wa kewar."

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Sai kuma la'asar ta faɗo mata a rai. Wani tunani ya zo mata, ta faɗe shi tun kafin ta auna.

"Zakariya, yau iyayen Munir za su zo. Baffa ya ce ba fashi. Amma duba, Baba ya manta rantsuwar nan. Yanzu ba wanda yake so kamarka. In muka je gida ka roƙe shi a gaban Baffa, wallahi zai ce ya ba ka. Shi ne ubana, maganarsa ce gaba."

Zakariya ya girgiza kai.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Wanda zai ce ya ba ni, Mati yake gani, ba ni ba. Yaya zan karɓi abu daga hannun mutumin da bai san hannunsa a buɗe yake ba?"

Kuka ya ƙwace mata. "Ashe dama son naka iya baki ne! Shekara huɗu ina shan gori saboda kai. Ƙawayena duk da goyo. Yau ga ƙofa Allah ya buɗe, ka ce ba ka shiga?"

"Nazifa, ki dube ni." Idanunsa shi ma sun kaɗa. "Wallahi tun da aka ce mini za su zo, ko kwanon abinci ban iya buɗewa ba. Jiya moto ɗaya na kwance na ɗaura sau uku. In na rasa ki ban san yadda zan yi da raina ba. Amma in na same ki ta wannan hanya, kullum kika dubi Baba za ki tuna mun ci da rashin lafiyarsa. Wata rana za ki dube ni ki tuna. Gara ki yi fushi da ni yau."

"To shi ke nan? Ka bar ni?"

"Na bar wa Allah. Ke ban bar ki ba."

Ta juya masa baya tana sheshsheƙa. Haushinsa take ji har cikin ƙashinta, amma wani abu a ƙasan zuciyarta ya riga ya durƙusa masa.

"Yarinya," tsohon ya kira ta daga inda yake zaune, "wa ya taɓa ki?"

Da a da ne, da ta ce masa, Baba, ni ce Nazifa, ba ka gane ni ba? Yau sai ta share fuska, ta je ta durƙusa daidai gwiwarsa, ta yi murmushi.

"Ba kowa, Baba. Igiyar nan ta yi kyau. Mu je gida ka ƙarasa ta a inuwa, an dama fura."

"To, mu je," ya ce, ya miƙa mata hannu ba gardama.

A ƙofar gida suka tarar da Baffa Maharazu, ya dawo daga nasa neman, gumi ya jiƙa masa riga. Yana ganin Zakariya fuskarsa ta canza.

"Kai! Me ya kawo ka ƙofar nan? Wato ka ga hankalinsa ya tafi, shi ne ka lallaɓo ta wurinsa, ko?"

Tsawar ta sa tsohon ya zabura. Sandarsa ta faɗi, ya fara waige-waige. Zakariya bai ko dubi Baffa ba. Ya tsugunna ya ɗauki sandar, ya sa masa a hannu, ya dafa bayan hannun a hankali.

"Ba komai, Baba. Gida muka zo. Ga ƙofarka nan."

Numfashin tsohon ya daidaita. Ya damƙe wuyan hannun Zakariya, ya harari ƙanensa.

"Maharazu, ba ka da kunya? Abokina ne. Shimfiɗa mana tabarma."

Duk zafin Baffa, bai taɓa musa wa yayansa a gaban mutane ba. Haka Zakariya ya taka tsakar gidan da rabon wani nasu da shiga tun yana yaro.

A jikin rumbu akwai damin gamba da Gwaggo Hinda ta sa aka yanko don saƙar zana. Tsohon na zuwa daidai wurin ya ja ya tsaya. Ya miƙa hannu ya shafa ciyawar. Ya sulale ya zauna a ƙasa, bai saki hannun Zakariya ba.

"Mati," ya ce da wata irin murya. "Ni na tuge ta."

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Ranar ruwan shuka, da sassafe. Na tuge gambar na matsa da ita cikin taka, taku bakwai. Bara waccan gero ya ƙi, rumbuna ba ko dami goma, tsoro ya kama ni. Maharazu bai sani ba, yana Kano cin rani. Da ya dawo ya tarar ta kama, ya yi shaida a kan abin da idonsa ya gani. Ni kuwa na kasa haɗa ido da kai, shi ne na yi ta fushi, na yi ta rantsuwa. Mati, abin nan ya hana ni sakat. Ka yafe mini."

Gwaggo Hinda ta saki muciyar da ke hannunta.

"Gigi ne," in ji Baffa. "Bai san abin da yake faɗa ba." Amma muryarsa ta dushe. Can kuma ya ce, kamar da kansa yake magana, "Aduwar nan... muna yara a kan iyaka take. Yanzu tana cikin tamu."

Nazifa ta dubi Zakariya. Wannan ba wurin kauce wa magana ba ne. Gafarar mamaci ake nema, wa ke da ikon bayar da ita?

Zakariya ya zauna dirshan a ƙasa gaban tsohon. Ya riƙe hannuwansa biyu. Hawaye na zuba a fuskarsa bai share ba. Ya yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ni Zakariya ne, ɗan Mati. Saƙonsa na wurina. Ya gan ka a waccan safiyar, yana bayan aduwa."

"Ya gan ni?"

"Ya gan ka. Shi ya sa da 'yan'uwansa suka kai ƙara, mai gari ya tambaye shi, bai ce komai ba sai 'Allah ya sani.' Ya ce ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ya kira ka da sunan da ba zai gogu ba. Kuma na ji daga bakinsa da kunnena, ya ce taku bakwai ba su kai ƙwaryar tuwon da kuka ci tare ba. Ya yafe maka duniya da lahira."

"Ya yafe?"

"Ya yafe, Baba."

"To don me bai zo ba?"

"Kana jin nauyinsa, yana jin nauyinka. Shi ya sa ni na zo."

Tsohon ya kifa goshinsa a kan hannun Zakariya ya yi kuka, amma ba irin kukan da yake yi kullum ba. Wannan mai sanyi ne, kamar ruwan da ke sauka ba iska. Gwaggo na kuka, Nazifa na kuka. Ji take kamar ƙasar tsakar gidan ta zama wurin da bai kamata a taka da takalmi ba.

Baffa ya matso.

"Yaro. Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun yana jinyar ajali, Baffa."

"Shekara uku. Na kori manyanka sau biyu. Na kira ubanka maƙaryaci a gabansu. Kalma ɗaya za ka faɗa ka kunyata mu duka, ba ka faɗa ba?"

"Babana ya rufa wa abokinsa asiri shekara goma sha shida. Ni wane ne da zan tona don in sami mata?"

Baffa ya ja da baya ya jingina da rumbu.

Can tsohon ya ɗago. Ya dubi damin gamba, ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, da alama duk abin ya riga ya wuce masa. Ya shafa ƙirjinsa yana murmushi.

"Ikon Allah. Yau zuciyata wasai, ban san dalili ba. Me kuke wa kuka ku kuma?"

"Daɗi muke ji, Baba," in ji Nazifa.

Daidai nan ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Wata muryar dattijo ta ɗaga daga zaure.

"Salamu alaikum! Mutanen Magarya ne!"

Zakariya ya zare hannunsa a hankali daga na tsohon, ya miƙe, ya dubi Nazifa sau ɗaya, kallon da ya fi kowace magana ciwo. Sannan ya nufi 'yar ƙofar baya ta wajen turken awaki, don kada baƙin su gan shi.

"Kai, ɗan Mati."

Ya tsaya.

Baffa Maharazu ya goge fuskarsa da hannun riga, ya gyara zaman hularsa. Bai dubi Nazifa ba, ita kuma ta kasa karanta komai a fuskarsa.

"Ba ta nan ake fita gidan nan ba," ya ce. "Wuce gabana. Ta zaure za mu bi, ni da kai, baƙin nan su ga wanda ya riga su."